Jawabi Kan Wurin Ajiye Mota Na Nakasassu

Mai girma Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana 'yan kasuwa da direbobi, ina gaishe ku baki ɗaya.

An umurce ni in yi 'yar magana kan wurin ajiye mota da aka keɓe wa nakasassu. Wasu daga cikinmu suna ganin hoton mutum kan keken guragu da aka zana a ƙasa, amma sai su ɗauka ado ne kawai. To, jama'a, wannan zane doka ce.

A watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ce a duk filin ajiye motoci na jama'a, tilas a keɓe wuri, a yi masa alama domin nakasassu. Mai kula da filin da ya ƙi yin haka, tararsa Naira 1,000 kowace rana. Mai lafiya da ya yi fakin a wurin, Naira 5,000. Wanda ya tare wurin da gangan, shi ma Naira 5,000. Amma direban da ya ɗauko nakasasshe a motarsa, ba shi da laifi.

Akwai sharaɗi guda: sai motar tana ɗauke da alamar shaida. Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020, ita doka ta ɗora wa alhakin bayar da alamar. Mu nan Legas kuma tun 2011 jiha ke da tata dokar, da ofishin LASODA mai yi wa nakasassu rajista. Shekara 5 da aka bai wa gine-ginen jama'a su gyara hanyoyin shiga ta cika tun Janairun 2024.

Dokar ba ta manta da matafiya ba. Ta ce direba ya tsaya cak kafin nakasasshe ya hau ko ya sauka, kuma sauran fasinjoji su jira shi ya fara shiga.

To, ina ruwanmu? Ai mu ne da ruwa da tsaki. Wa ke sauke buhunan albasa da tumatir a bakin ƙofar kasuwa? Mu ne. Wa ke jibge kaya a duk inda ya ga fili? Mu ne. Mai lafiya in ya ajiye mota nesa, tafiyar minti biyu ce. Amma gurgu, ko dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kama, wannan 'yar tazarar ita ke hana shi shiga kasuwa ko asibiti. Kuma wurin ana faɗaɗa shi ne don a buɗe ƙofa sosai a fito da keke. Kada mu manta, direban da ke da ƙafa biyu yau, haɗari ɗaya ya isa ya mayar da shi mai neman wannan wuri gobe.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abubuwa uku. Na ɗaya, mu sayi fenti mu keɓe wuri a tasharmu da bakin masallacin Juma'a, mu ja kunnen 'yan kamasho da 'yan dako. Na biyu, sakatare ya rubuta sunayen nakasassun unguwarmu, a raka su su yi rajista, domin da yawa ba sa jin Turanci ko Yarabanci. Na uku, mu rubuta wa wakilanmu a majalisa takarda, a tabbatar cewa alamar da mutum ya samo a Kano ko Sakkwato ana mutunta ta a Legas ba tare da an wahalar da shi ba.

Mu baƙi ne a garin mutane, kuma da halinmu ake auna mu. Kada mu jira sai an ci mu tara.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai matafiyanmu gida lafiya.