Amsoshin Wasiƙunku: Ɗalibin Da Ke Gudun Lissafi

Jama'a, wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗalibi mai shirin shiga jami'a. Ya ce ya ji labarin fannin da ake kira sistem bayoloji, yana kuma sha'awarsa, sai dai shi da lissafi ba sa ga-maciji. Wai shin zai iya?

To malam, in dai tsoron lissafi ne ya koro ka zuwa nan, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago.

A sakandare an koya maka sassan jiki ɗai-ɗai. Shi wannan fanni hulɗar da ke tsakaninsu yake bincike. Ka ci tuwo, sukarin jininka ya hau, jiki ya saki sinadarin insulin, sukari ya sauka, insulin ma ya ja baya. Abu biyu ke nan fa. To a cikin ƙwayar halitta guda akwai dubban sinadarai, wannan na zuga wancan, wancan na danne wani, ga ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu sarrafa furotin a jikin mutum. Wane kai ne zai riƙe wannan? Dole a mayar da hulɗar lissafi, a ba kwamfuta, ta nuna abin da zai faru in an taɓa wuri ɗaya, misali da magani. Sannan a koma ɗakin gwaji a duba ko gaskiya ta faɗa.

Abin ba yau ya fara ba. A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Jami'ar Kambirij a Ingila suka bayyana da lissafi yadda saƙo ke gudu a jijiya. Huxley da injin lissafi mai mariƙi ya yi aikin, yana juyawa da hannu har makonni. Sun sami kyautar Nobel a 1963. A 2012 kuwa masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka kwaikwayi rayuwar wata ƙwayar cuta sukutum a kwamfuta, mai ƙwayoyin gado 525 kacal.

Da yawa sai a digiri na biyu suke shiga fannin, bayan sun karanci bayoloji, lissafi, fiziks ko kwamfuta, saboda haka kana da lokaci. Mu da muka riƙe alli mun sha ganin yaron da ya tsani lissafi alhali tushe kawai ya kuɓuce masa. Koma ka gyara aljabara tukuna, sannan kalkulas da ƙididdiga, ka kuma fara koyon Python. Bayan wata shida ka sake rubuto mana mu ji inda aka kwana.