Shirin Makaɗi Kafin Rangadi

Makaɗin da ke zaune a unguwannin zango na Accra, kamar Nima da Maamobi da kewayen Kasuwar Malam Atta, idan zai fita gajeren rangadi da ƙungiyarsa zuwa Kumasi da Tamale, ya kamata ya fara tunani a kan fatar kayan kiɗansa. Iskar Accra tana da laima saboda teku, fatar kalangu kuwa tana saki a cikin laima, amma da zarar mota ta nufi arewa a lokacin hunturu sai fatar ta bushe ta ɗaure, sautin ya tashi, wani lokaci ma ta tsage. Saboda haka wajibi ne a tafi da fata ta biyu da tsarkiya, wato igiyoyin da ake matsewa a hammata don sauya murya, a kuma kiyaye kalangun daga zafin rana a bisa mota, domin makaɗin da fatarsa ta yage ana gab da wasa ya rasa abin yi.

Kuɗin wasa kuwa a rubuta shi tun kafin tashi, a karɓi kafin alƙalami, a fayyace rabon kowa. Ranar dawowa ma tana bukatar lissafi, domin sarakunan ƙabilar Ga sukan hana kiɗa da hayaniya a Accra na kusan wata guda, a tsakanin Mayu da Yuni, gabanin bikinsu na Homowo.