KIRISTA DA ƘASARSA: Jawabi ga rassan Agye, Gazawa da Gidan Rumji



Akwai wata magana da ke yawo cikin kasuwanninmu, daga rumfar mahauta har tashar mota, ya kuwa kamata mu warware ta tun ba ta zama ƙulli ba. Ana cewa wai Kirista ba shi da ƙasa. Wai tun da yana faɗi da bakinsa shi ɗan Mulkin Allah ne, garinsa na gaskiya yana sama, to, ba a amince masa da sha'anin Nijar. Waɗansu har suna ƙarawa, wai addininsa na Nasara ne, saboda haka zuciyarsa tana wajen Nasara. Amsarmu ita ce, mutum yana iya miƙa wa Allah ransa ɗungum, ya kuma ƙaunaci ƙasar da aka binne cibiyarsa, ba tare da ɗaya ta ci ɗaya ba. Ga hujjojinmu, ku riƙe su domin ku amsa wa mai tambaya.

INA SUKA FITO?

Mu fara da tarihi. 'Yan mishan da ake kira SIM sun sauka Damagaram a 1924, kafin 1930 kuma suka kafa gida a Tsibirin Gobir, nan cikin ƙasar Gidan Rumji. Ta Nijeriya suka shigo, Ingilishi ne harshensu, yawancinsu mutanen Amurka da Kanada da ƙasashen Ingila ne. Kumandan bai kawo su ba, bai kuwa taɓa sakin jiki da su ba. A zamanin yaƙin Hitila, tsakanin 1940 da 1942, sa'ad da mulkin Bishi ke riƙe da ƙasan nan, tuhumarsu aka riƙa yi da leƙen asiri domin Ingila. Da Hausa suka yi wa'azi, da Hausa masu binsu suka koyi karatu, gama an buga Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa tun 1932.

Su wane ne suka bi su? Gobirawa ne da Katsinawa, manoma 'ya'yan manoma. Lanhon da ubanninmu suka biya, nasu ma sun biya. Aikin tilas da aka yi ta kwasar mutane dominsa har aka kashe shi a 1946, bai tambayi kowa addininsa ba. Gaskiya ne mishan ba ta so masu bi su shiga siyasa, ba ta kuma yi hanzarin koya wa 'ya'yansu Faransanci ba. Su kansu Kiristan ƙasa ne suka matsa a ba 'ya'yansu ilmin lakwal, domin kada a bar su baya cikin aikin ƙasarsu. Daidai lokacin samun mulkin kai, wanda ya tabbata ran 3 ga Agusta 1960, suka tsai da ekklisiyarsu ta kansu, EERN, suka sa sunan Jamhuriyar Nijar cikin sunanta. Wanda ba ya son gida ba ya ɗaukar sunan gidan.

ME LITTAFINSU YA KOYA MUSU?

Abu uku za mu ambata. Na farko, an taɓa zuwa wa Isa Almasihu da tambaya ta tarko, ko ya halatta a biya wa Kaisar, sarkin Rum, haraji. Ya sa aka kawo kuɗin, ya nuna musu hoton sarkin a jikinsa, ya rarrabe musu hakki biyu, na mai mulki da na Mahalicci. Saboda haka Kirista na ƙwarai ba ya gudun lanho da sunan addini.

Na biyu, Annabi Irmiya ya aika da takarda ga mutanensa da aka kwashe bayi zuwa Babila, ya umurce su da gini da shuka da aure a can, su kuma riƙa roƙa wa garin alheri. To, jama'a, kadan an ɗora wa mutum neman alherin garin da ya bautar da shi, ina ga garin da uwarsa ta haife shi?

Na uku shi ne wanda ke tsorata waɗansu. Sa'ad da majalisar Urushalima ta hana manzannin Almasihu wa'azi, sun ƙi, domin a wurinsu umurnin Allah yana gaba da na mutum. Watau biyayyar Kirista ga mai mulki tana da iyaka. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: akwai Musulmin kirki da zai bar salla domin gwamna ya ce a bari? Babu. Ashe a nan bakinsu ɗaya. Mutumin da ya san akwai Sarki bisa sarakuna, shi ne ba ya sayuwa, shi ne ba ya shaidar zur domin tsoron kumandan ko na wanda ya gaji kujerarsa. Ƙasar da ta sha wuyar mulkin mallaka tana bukatar irin waɗannan mutane, ko daga masallaci suka fito ko daga majami'a.

ME HANNUNSU YA YI?

Ƙauna ba a baki take ba. An buɗe asibitin Galmi a 1950, gidan jinyar kutare na Danja kusa da Maraɗi kuma a 1956. Ku tambayi tsofaffinku su wane ne suka kwanta a gadajen nan, su wane ne kuma 'yan ƙasa da suka yi ta wanke miki dare da rana. A nan Agye akwai makarantar Littafi Mai Tsarki, inda 'ya'yan ƙasa ke koyar da 'ya'yan ƙasa da harshen ƙasa.

Sa'an nan ku dubi gonakinku. A 1983 wani ma'aikacin mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, in an bar 'yan rassa masu ƙarfi aka gyara su, itace zai tashi. Cikin yunwar 1984 aka yaɗa dabaran nan a ƙauyukan Maraɗi tare da rabon abinci. Shi ne sassabin zamani. Manoma suka karɓe shi suka mai da shi nasu, yawancinsu kuwa Musulmi ne, har ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kansa. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan eka miliyan 5 na awon Faransa. Gawon da ke ba gonarka taki bai san addinin wanda ya bar shi ya tsaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

RANAR JARRABAWA

Ran 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasu. Waɗanda aka ƙona wa ɗakunan sujada ba su zana kome ba, yawancinsu ba su taɓa ganin Faransa ba. Ga amfanin gonar maganan nan ta cewa Kirista ɗan Nasara ne. Amma mu tuna da abu biyu. Akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu cikin ɗakunansu. Shugabannin Kirista kuma suka yi kira ga yafewa, jama'arsu ta share toka ta sāke gini a nan, cikin ƙasarta. A ƙidayar 2012 ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ƙanƙantarsu ita ce ma'aunin mutuncinmu duka, gama ana gane gidan kirki ga yadda ya riƙe ƙaraminsa.

GA 'YAN'UWA KIRISTA

Ku ma muna da magana da ku. Kada begen sama ya zama muku dalilin naɗe hannu. In ana taron gari a kan rijiya, ko burtali, ko farashin gujiya, ku zo ku zauna a tabarma ɗaya da kowa. In mai mulki ya yi daidai ku taya shi, in ya kauce ku faɗa masa cikin ladabi, ba da tsoro ba. Kada kuma ku yarda wani baƙo, kome kyautarsa, ya koya muku raina maƙwabcinku. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

AIKIN RASSA

Na ɗaya, kowane reshe ya kira Kiristan garinsa zuwa shawara, a kuma lura da ranar Lahadi yadda ake lura da Juma'a. Na biyu, kada a tilasta wa kowa rantsuwar da addininsa ya hana. Na uku, duk wanda ya ji ana rura wutar addini a kasuwa, ya sanar da dattawa da liman da fasto tun ba ta kama ba. Na huɗu, ba mu neman kowa ya ɗora ƙasa bisa Allah. Abin da muke nema shi ne gaskiya cikin amana da gumi cikin aiki.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya. Amin.