Motar Kawuna Mai Dawaki 17: Jawabi Kan Harajin Mota da Rarar da Ba Ta Dawowa

Iyayena, ƴan uwana samari da ƴan mata, direbobi da ƴan kabu-kabu na Filinge, da waɗanda sunka taso daga Bonkuku da Tukunus, sannunku da zuwa.

Zan fara da motar kawuna. Tsohuwar Hilux ce, ta girme ni. Ita ke ɗaukar gero da awaki tsakanin kasuwannin Kurfey da Balleyara, wani lokaci har Yamai. Kun san kuɗin binyeti, wato harajin mota na shekara-shekara, ƙarfin inji ake dubawa, abin da ake rubutawa a kartigiri da sunan dawaki. Motar kawu dawakinta 11. A shekarar 2019, a wani ofishi, wani bawan Allah ya karanta 11 ya ga 17. Motar da ba ta hawa tudu sai yara sun tura, a takarda ta fi bargar sarki dawaki! Kawu bai yi lakkol ba. Anka faɗi kuɗi, ya biya, ya yi godiya.

Da na dawo hutu daga jami'a na duba takardun, na ce: "Kawu, an ci ka rara, kuɗin buhun gero guda." Munka rubuta takarda, munka kai. Anka ce gaskiyarmu, a dawo mako mai zuwa. Ƴan uwa, wannan dosiye ya ga mulkin Issoufou, ya ga na Bazoum, ga shi yana kallon na Janar Tiani. A ƙasar nan ban san wata kujera da ta kai shi daɗewa ba. Juyin mulki bai taɓa shi ba, takunkumin CEDEAO ma bai motsa shi ba. Abin da kawu ya kashe wajen bin sawu ya ninka abin da yake bi, har ya ce mini: "Ɗana, bar su, na ba gwamnati sadaka." Na ce: "Kawu, ai sadaka da niyya ake yin ta."

Kada wani ya fita nan ya ce na hana biyan lampo. Hanyar da ta haɗa mu da Yamai, kusan kilomita 180, ba da addu'a kaɗai ake gyara ta ba. Albashin malami da na soja daga haraji suke fitowa. Magana ɗaya nake yi: idan mu ne da bashi, agogon hukuma daidai yake tafiya, ka makara da binyeti, tara na jiran ka, jandarma na jiran ka a shinge. Idan ita ce da bashi, sai batir ɗin agogon ya mutu.

Mu dubi dokar kanta. TVA a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. A tsarin da ƙasashen UEMOA sunka yarda da shi, kamfanin da ya sayi motar ɗaukar kaya don aikinsa yana iya cire TVA ɗin da ya biya daga wanda zai zuba wa hukuma. Motar ɗaukar mutane kuwa, ko mai aiki biyu, ba a cire mata, sai ga wanda ba da hayar mota ce sana'arsa. Dalilin a fili yake: kada darakta ya sayi motar kai ƴaƴansa makaranta ya ce ta kamfani ce. Na yarda. To amma motar Kurfey fa, wane gida za a sa ta? Da safe buhuna, da hantsi raguna, da dare mai naƙuda zuwa likita, ranar Asabar amarya da garar ta. Wanda ya rubuta dokar bai taɓa zama bisa buhu da akuya a cinya ba.

Sannan yawancin masu motocinmu ƙananan ƴan kasuwa ne, harajin dunƙule suke biya. Ba su cikin masu cire TVA ko kaɗan. Taya, batir, kayan gyara, duk da haraji suke saye, ya tafi ke nan. Ga asiransi, ga bizit, ga peyaji, ga tikitin tasha da na kasuwa. Tun watan Oktoba na 2023 kuma ga dala biyu ta asusun FSSP bisa tikitin tafiya. Kowanne shi kaɗai ƙarami ne, amma ku tara su ku ɗora wa mota guda.

Ƴan kabu-kabu, ku ba sai na tuna muku ba. Ranar 1 ga Janairu 2020 anka hana hawan babur a jihar Tilaberi saboda tsaro, ba a sassauta ba sai 1 ga Satumba 2021. Wata 20! Ba na gardama da dalilin, mun binne mutanenmu, mun san abin da ya sa. Amma ƙanena ya biya takardun babur ɗinsa, babur ya kwana a ɗaki kaji na ƙwai bisa sirdi. Wanda anka hana wa sana'a don amfanin kowa, ai ya cancanci a yi lissafi da shi.

Kuma maganar haraji ba sabuwa ba ce a bakin ƴan ƙasar nan. Kan dokar kasafin kuɗin 2018 mutane sunka yi ta fitowa titi, har anka kama Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika ranar 25 ga Maris 2018, sunka yi wata huɗu a tsare. A watan Agusta na 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668. A watan Yuli na 2024 anka rage ta zuwa 618, kuma mun yaba. Ashe idan anka so sauƙaƙawa, sa hannu guda ya isa.

Abu uku muke roƙo. Na ɗaya, duk wanda ya kai ƙorafin rara a ba shi resi mai tambari da kwanan wata. Na biyu, a liƙa wa'adin amsa a bangon kowane ofishin haraji, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, kuma a faɗa a rediyo don waɗanda ba su karatu. Na uku, in baitulmali ba ta da tsabar kuɗi, a cire rarar daga harajin baɗi. Ko mai shago haka yake yi in ba shi da canji.

Mu ma da namu aikin. Duk wanda ya yi lakkol a zauren nan, yau da dare ya karɓi kartigirin babansa ko na maƙwabci, ya gwama shi da resin binyeti. Ku ɗauki hoton kowane resi a waya. Kada ku bar takarda ta asali a hannun kowa, kwafi ake bayarwa. Kada ku biya ko dala ba resi. Wanda ya ga kuskure ya kawo, mu haɗa su wuri guda mu kai tare, da ladabi, da suna, da kwanan wata. Mutum guda ana iya ce masa ya dawo gobe. Mutum hamsin, sai an nemo kujeru.

Kawu yana can baya yana harara ta, ya ce kada in tona shi. Yi haƙuri, Kawu. Dawakin nan shida da anka ƙara maka, ko dai a maido kuɗinsu, ko a kawo su mu ɗaure a ƙofar gida.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya kai kowa gida lafiya.