Shekarun Tudun Bakin Kogin Jama'are



Sharhinmu na yau a kan gaɓar kogi ne. Kun san Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa ta garin Katagum. A bakinsa, fadama na ƙasa, tudu na sama. Sau da yawa irin wannan tudu tsohon kwancin kogi ne. Ruwa ya jibge yashi da laka, daga baya ya zaizaye ƙasa ya nutsa, ya bar tsohuwar shimfiɗarsa a sama kamar matakala.

To, yaya masana ke gane shekarun tudun? Ga hanya biyu. Ta farko, auna shekarun gawayi ko itacen da ƙasa ta binne. Da ita aka gano kwalekwalen Dufuna, a Jihar Yobe, ya kai kimanin shekara 8,000. Ta biyu, ƙwayar yashi. A ɗakin bincike, ana auna tsawon zamanin da ta yi rabonta da hasken rana.

Me ke sa kogi nutsewa? Ko ƙasar tsaunuka ta ɗaga, ko damina ta sauya, ko Tafkin Chadi ya janye. Tafkin nan fa ya taɓa kaiwa Maiduguri.

Manomi ɗan'uwana, magini ɗan'uwana, wannan ilimi naka ne. Shi ke nuna inda ambaliya ta saba bi. Kafin mu yi gini ko mu ɗebi yashi a bakin kogi, daga Azare har Katagum, mu tuntuɓi masana.