Ƙarin Gashi Na Liƙe: Kafin Ki Miƙa Kanki

 

Jama'a masu saurare, yau a shirinmu na faɗakarwa zancenmu a kan gashin kai ne, musamman wata hanya ta ƙarin gashi wadda ta ɓullo daga ƙasashen Turai da Amurka, ta sauka a manyan biranenmu, har ta fara shiga lissafin kuɗin gyaran amare, wadda masu shagunan gyaran gashi ke kira tef-in, mu kuwa za mu kira ta ƙarin gashi na liƙe. Na ɗauko wannan batu ne saboda na lura da yawa daga cikin masu sha'awarsa hoto kawai suka gani a waya, ba su san abin da ake ɗora musu a ka ba, balle haƙƙin da yake nema bayan an ɗora shi.

Ga yadda siffarsa take. Ana jera gashi a kan wani siririn ƙyalle na roba mai laushi, faɗinsa kamar santimita 4, a shafe fuska ɗaya da gam mai ƙarfi dangin na filastar asibiti. Mai gyaran za ta tsaga kan mace layi-layi daga ƙeya zuwa sama, ta ɗebo gashi ɗan kaɗan, ta sa falle ɗaya a ƙarƙashinsa, ɗaya a samansa, ta matse, gashin mace na asali ya zama yana tsakiya a rufe. Ɗauri ɗaya yakan ƙunshi falle 20, nauyinsa kamar giram 50, kai guda kuma yakan ci falle 40 zuwa 60, kuma a hannun gwana aikin ba ya wuce sa'a guda da 'yan mintoci. Wannan saurin, da kuma yadda abin yake kwanciya lumui ba ƙulli ba ɗinki, su ne suka sa ya samu karɓuwa, domin duk wadda ta taɓa wuni a gaban makitsiya, wuya ya ƙage, ƙafa ta yi tsami, ta san darajar aikin da za a gama tsakanin Azahar da La'asar.

To, amma gashin wa ake liƙawa? Abin da muka saba kira gashin doki, ba doki ne ya ba da shi ba. Zaren roba ne na masana'anta, irin wanda wani kamfani na ƙasar Japan ya fara fitarwa da sunan Kanekalon tun 1957. Shi kuwa na liƙe, da yake ana son a riƙa wanke shi ana ƙona shi da ƙarfen miƙarwa, galibinsa gashin ɗan Adam ne na haƙiƙa. Wani kaso mai daraja yana fitowa daga ƙasar Indiya, inda a wurin bautar mabiya addinin Hindu da ke Tirupati, a jihar Andara Paradesh, dubban masu ziyara, maza da mata, ke aske kawunansu kullum domin cika bakance, masu kula da wurin kuma su tara gashin su yi gwanjonsa. Har ma a shekarar 2004 manyan malaman Yahudawa a Isra'ila sun yi fatawar hana matansu sa hular gashin da aka yi da irin wannan, saboda tushensa na bakance ne a wani addini. Wani kaso kuma, wanda ya fi yawa ya kuma fi araha, tsintarsa ake yi ƙauye-ƙauye daga abin da mataji ya ci, a warware shi da hannu, a kai shi masana'antun ƙasar Sin, musamman birnin Shucang na lardin Henan, inda ake rina shi a jera a sa a kwali. Sunan Barazil ko Peru da kuke gani a jikin kwalin, sau da yawa sunan kasuwa ne kawai.

Bambancin mai tsada da mai araha yana cikin halittar gashi kanta. Kowane silin gashi Allah ya lulluɓe shi da ƙananan ɓawo-ɓawo kamar na jikin kifi, dukansu suna fuskantar ƙasa daga tushe zuwa baki. In an yanko gashi daga kai ɗaya a ɗaure, ɓawon nan duk yana kallon gefe guda, sai ya zauna lafiya, shi ne 'yan kasuwa ke kira remi. Wanda aka tsinto kuwa, wani sili kansa a sama wani a ƙasa, dole ya sarƙe; don haka akan jiƙa shi a ruwan asid a cinye ɓawon, a shafe shi da wani sinadari mai santsi domin ya yi ƙyalli a shago, wanda wanki uku ko huɗu zai tafi da shi, a bar mace da abin da ya fi kama da soson wanka. Araha dai ba ta ado.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damuna, wanda nake roƙon ku ba ni hankalinku a kai. Gam ɗin nan ba ya shiri da mai ko kaɗan, hasali ma mai yana daga cikin abin da ake narkar da shi in an tashi cirewa. Gashinmu kuwa, mu baƙar fata, da yake a murɗe yake, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarawa har bakinsa, shi ya sa tun kaka da kakanni ake ciyar da shi da man shanu da man kaɗanya da man kwakwa, 'yan'uwanmu na Chadi kuma suka shahara da karkar da garin cebe. Ke da kika liƙa gashi a watan hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa fata ke yin furu-furu, an ce miki kada mai ya kusanci tushen gashinki har mako 6 ko 8. In kin shafa, ƙarin ya zame, kuɗinki ya bi ruwa, in kin ƙi shafawa, naki na asali ya bushe ya kakkarye. A bazara kuma, ga zufa, ga ɗankwali, ga hijabi a kai, danshi ya taru a ƙarƙashin liƙin, ƙaiƙayi da amosani su samu wurin zama. Sa'an nan, da yake yawancin gashin da ake sayarwa miƙaƙƙe ne mai santsi, dole ki riƙa miƙar da naki da man rilaksa ko da zafin ƙarfe domin su saje, wanda kuma kowane ɗayansu yana rage wa gashi ƙarfi a daidai lokacin da aka rataya masa kaya.

Kuma kayan ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba. Gashi yana tsiro kamar santimita 1 a wata, liƙin yana yin nisa da fatar kai, yana lilo, yana juyawa, nauyinsa yana komawa kan 'yan siloli kaɗan. Ban da wannan, kowane mutum mai lafiya yana zubar da sili 50 zuwa 100 a yini, waɗanda a al'ada mataji ke kwashewa, amma a nan gam ya riƙe su, sai su dunƙule a gindi su zama ƙulli. Wannan ne dalilin da ya sa masu sana'ar suka ƙayyade a koma a cire, a wanke, a sake sabon gam a mayar da shi sama bayan mako 6 zuwa 8, kuma kowace komawa da kuɗinta. Na ga wata amarya 'yar unguwarmu da aka liƙa mata ana saura kwana biyu kamu, ba wanda ya gaya mata zancen komawa, ta bar shi har wata uku, da ƙaiƙayi ya ishe ta sai ta sa ƙanwarta ta ɓamɓare mata da hannu. Wallahi na tausaya mata ranar da ta buɗe mini kan, domin gefen kunne duka biyu ya zama fili, kamar an bi da aska. Likitocin fata sun san wannan ciwo sarai, wato zubewar gashi saboda yawan ja, irin wanda matsattsen kitso ke yi wa gaban goshi. In an farga da wuri gashi yana dawowa, amma in aka daɗe ana ja har tushen ya mutu ya zama tabo, babu man da zai sake tsirar da shi.

Ina sane da cewa cikin masu saurarenmu akwai waɗanda ba Musulmi ba, akwai kuma waɗanda abin yana kansu a yanzu haka, kuma haƙƙinsu ne a kaina in gaya musu abin da zai rage cuta. A fara gwada gam ɗin a bayan kunne kwana biyu kafin aiki, domin akwai fatar da yake sa wa kumburi da ƙuraje. Kada a yarda a liƙa shi dab da fata ko a kan siraran gashin goshi, kuma in kin ji zafi ko ciwon kai a daren farko, aikin bai yi ba, ki koma a gyara. Kada ruwa ya taɓa shi sai bayan kwana biyu, kada a kwanta da shi a jiƙe, a taje daga baki zuwa sama ana dafe da gindi, cirewa kuma sai da ruwan narkarwa na musamman, a hannun wadda ta iya, cikin haƙuri. Mai jego da gashinta ke zuba, da mai makero ko gyambo a ka, da ƙananan yara, su kam kada a kusance su da shi.

Ga 'yar'uwata Musulma kuwa, maganar ta wuce ta lafiyar fata. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, daga Asma'u 'yar Abubakar, Allah ya yarda da su, cewa wata mata ta zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana neman izinin ƙara wa 'yarta gashi, ga shi amarya ce, ga shi ƙyanda ta zubar mata da nata, amma bai yi izini ba, ya ambaci la'ana a kan mai ƙarawa da mai neman a ƙara mata. Ku dubi ƙarfin wannan uzuri, aure da rashin lafiya a haɗe, amma bai buɗe ƙofa ba. Mu'awiya ma, a shekarar da ya yi aikin Hajji, ya hau mumbari a Madina da guntun gashi a hannunsa yana yi wa mutanen garin inkari a kan wannan al'ada. A kan haka ne jumhurin malamai a mazhabobi huɗu suka haramta ƙari da gashin ɗan Adam, saboda yaudarar da ke ciki da kuma alfarmar da Allah ya yi wa jikin mutum, wanda bai kamata sassansa su zama hajar kasuwa ba. Saɓaninsu yana kan abin da ba gashin mutum ba, kamar ulu ko zare: Hanafiyya sun sassauta, mazhabar Imamu Malik da muka tashi a kanta ta tsananta, kuma duk wadda ta karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a makarantar zaure ko ta Islamiyya ta wuce ta kan wannan hani.

Sai mas'alar tsarki, wadda ita ce ba a cika tunawa da ita ba a kan kujerar shago. Wankan janaba da na ɗaukewar haila suna wajabta ruwa ya game gashi da fatar kai, tare da tsattsefewa da cuɗawa. Shari'a ta yi wa mace rangwame, ba a ɗora mata tsefe kitso ba matuƙar ruwa yana ratsa shi, kamar yadda ya zo a hadisin Ummu Salama. Amma kitso yana shan ruwa, shi kuwa liƙin nan an ƙera shi ne takanas domin kada ruwa ya shige shi, kuma a wurare 20 ko 30 yake rufe da gashinki. Amaryar da aka yi wa wannan ado domin daren farko, da wane wanka za ta fuskanci sallar Asuba? Wannan tambaya ce da ya wajaba a kai wa malami amintacce tun kafin a biya kuɗi, a kuma siffanta masa abin yadda yake, domin fatawa a kan siffar mas'ala take tafiya.

Ni dai a ganina, abin da ya raba kanki da mai, ya kuma shiga tsakaninki da ruwan tsarki, bai dace da gashinki ba, bai kuma dace da ibadarki ba, kuma ba zan ba 'yata shawarar ta yi shi ba ko da kyauta ne. In gashinki yana zuba, akwai dalili: wani lokaci jego ne, wanda yakan daidaita da kansa kafin shekara ta zagayo, wani lokaci ƙarancin jini ne, ko matsalar maƙoƙo, ko matsin kitso, kuma asibiti ne wurin da za a gano wannan.

Ku kuma mazaje, da ku iyayen biki da ƙawayen amarya, ina da roƙo a gare ku. Yawancin matan da ke zuwa shagon nan wata kalma ce ta tura su, ko gorin miji, ko habaicin dangi a gidan suna, ko yabon da aka yi wa wata a gabansu. Maigida, kuɗin da za a kashe a liƙi ɗaya ya isa a sayi man kitso da abinci mai gina jiki na watanni. Ka saya mata, in ta yi sabon shuku ko zane ka buɗe baki ka yaba. Ke kuma uwar amarya, in an kawo miki lissafin gyaran jiki kika ga tef-in a ciki, ki tambaya a yi miki bayani kafin ki kwance bakin zane.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wadda abin ke kanta, ta ƙirga makonninta yau ɗin nan, in sun kai 8 ta je a cire mata a hankali.