Ciwon Suga: Alamun da Suke Fitowa da Dare

 

A yawon da muke yi cikin ƙauyuka mun lura cewa masu ciwon suga da yawa ba sa zuwa asibiti sai gyambo ya ci ƙafa, ko ido ya fara dushewa. Alhali ciwon ya daɗe yana nuna kansa. Sai dai da dare ya fi yi, lokacin da ba mai gani sai wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Shi ya sa muka roƙi iyayenmu mata su matso gaba yau.

Mu fara da fitsari. Babba ya tashi sau ɗaya da dare, ba komai ba ne. Amma a ce sau uku, sau huɗu, kullum, fitsarin kuma da yawa, ya dawo ya nufi randa bakinsa a bushe, to a lura. Idan suga a cikin jini ya haura kamar 180 a na'urar gwaji, ƙoda ba ta iya riƙe shi. Sai ta zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwan jiki su fita tare. Rage shan ruwa ba zai hana ba. Wani lokaci za a ga tururuwa sun taru inda aka yi fitsarin. Gaskiya ne mai juna biyu ma tana yawan tashi, haka dattijon da mafitsara ke damunsa. Gwaji ne zai raba gardama.

Iyaye, ku saurara da kyau. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance, sai ya koma yi, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga rama, kada a doke shi, kada a yi masa waƙar tsiya. A kai shi asibiti ranar nan, kada a jira ranar kasuwa. A jikin yara ciwon yakan tsananta cikin 'yan kwanaki, kuma allurar insulin ce take ceton ransu.

Sai ƙafafu. Wani yana kwanciya sai tafin ƙafarsa ya ɗauki zafi kamar an shafa barkono, ko ya ji kamar ana soka masa allura. Nan da nan sai a ce ya taka sammu, a fara zargin maƙwabci. 'Yan'uwa, suga ne yake lalata jijiyoyi. Gaba kaɗan ƙafar ta daina jin komai, har mutum ya ƙone a kaskon wuta lokacin hunturu, ko ɓera ya gutsire masa yatsa yana barci, bai sani ba. Mai ciwon suga ya duba ƙafarsa kowace safiya.

Wanda ya riga ya fara shan magani ko yin allura, nasa haɗarin daban ne: suga yakan faɗi ƙasa da 70, musamman in ya kwana bai ci tuwo ba. Za a ga gumi ya jiƙa shimfiɗa, jiki na rawa, ko yana surutai. In yana iya haɗiya, a dama cokalin shayi uku na suga a ruwa a ba shi, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti. Kafin ya shiga azumi da addu'a kuma, ya nemi shawarar likita.

Gwajin ba wuya, ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. A je da safe, bayan awa 8 ba a ci komai ba. In ya nuna 126 ko fiye, za a maimaita wata rana domin a tabbatar. Mu yi addu'a, mu kuma je gwajin. Mama, in Baba ya ce ba zai je ba, ki gaya wa Fasto ko wani dattijon ikilisiya su raka shi.